Wanda Aka Bari a Tungar Marke

Zangon Kumasi, 14 ga Janairu 2012

Zuwa ga Kaka Mushe Ja'afaru Tankari, a Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ba ka san ni ba. Ni ce Husaina 'yar Umaru, ɗan wanka Arzika. Ɗinki nake yi a nan Zango. Mu duka lafiya lau, sai Baba.

Tun azumin da ya wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana magana, amma sai an kai kunne kusa. Tun da ya kwanta ba shi da zance sai na mahaifinsa. Ka sani yana da shekara goma sha tara ya baro ƙauyenku Tungar Marke, ya zo nan neman shi. Bai same shi ba, kunya ta hana shi komawa, har ya yi aure ya haife mu. Bana zai cika sittin. Jiya ina ba shi koko ya ture cokalin ya ce, "Husaina, zan tafi ban sani ba ko ubana ya ƙi dawowa ne don kar ya gan ni."

Kaka, cikin waɗanda suka san Arzika kai kaɗai ka rage. Don Allah ka rubuto mana abin da ka sani, komai ƙanƙantarsa. Ka ba Abdulwahid direban motar albasa, shi ya kawo maka wannan, yana bi ta Dutsi kowane wata.

Jikarka, Husaina.

Dogon Dutsi, 9 ga Fabrairu 2012

Husaina,

Na amsa sallamarki. Takardarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau uku da gilashi a bakin ƙofa. Allah ya ba Umaru lafiya. Ni ma ga ni nan dai. Ƙafafuna sun kumbura, kunnen hagu ya mutu, na dama yana bin sawunsa. Matata ta rasu shekara tara ke nan, ɗana yana Yamai, sai salla nake ganin shi. Matar maƙwabci ke aiko mini da tuwo. Direbanku ya ce in riƙa magana da ku ta waya. Wayar ta maƙwabta ce, abin da aka faɗa cikinta da safe unguwa ta sani kafin azahar. Takarda ta ishe ni.

Rubutunki yana da kyau, ko da yake kina manne kalmomi. Shekara talatin da huɗu ina mushe, wato malamin boko, ina koyarwa a lakwal, idona ba ya barin irin wannan.

Yanzu in tambaye ki. Shekara arba'in Umaru yana zaune a ƙasar goro bai aiko mini ko ƙwaya ɗaya ba. Yau kwatsam ga takarda. Wa ya ba ki sunana cikakke? Wa ya ce miki ina raye? Na ji an ce mutanenmu na Kumasi sun fara waiwayar gonakin gida tun da ƙasa ta yi wuya. In gonar fadama ce ta Arzika, ku faɗa a fili. Ban sayar ba, ban ba kowa ba, 'ya'yan ƙanwarmu ke nomanta. Ba sai an lulluɓe maganar da ciwon mutum ba.

Abin da na sani game da wana shi ne abin da kowa ya sani. Ya bar gida da rani, ya ce za shi Kumasi, ya bar kakarki Hure da ciki. Ya aiko takardu 'yan kaɗan, ni nake karanta mata tun da ni kaɗai na yi boko a gidan. Daga baya suka yanke. Mutanen Arewa da suka tafi kudu ba su dawo ba sun fi a ƙirga.

Ki gai da Umaru.

Ja'afaru Tankari.

Zangon Kumasi, 6 ga Maris 2012

Kaka,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Baba yana nan yadda yake, sai dai abinci ya ragu.

Sunanka a bakin Baba na ji, tun ina ƙarama. "Baba Mushe" kaza, "Baba Mushe" kaza. Gona kuwa ku riƙe abinku. Ni da ban taɓa riƙe kalme ba, me zan yi da fadama?

Ka ce rubutuna na manne kalmomi. Naka kam ba ya mannewa, na yaba. Kowane harafi a tsaye, kan layi, da wata 'yar jela a ƙarshen suna. Da na buɗe takardarka sai na ji kamar na taɓa ganin hannun nan. Kwana biyu ina tunani. Sai na jawo akwatin ƙarfen Baba daga ƙarƙashin gado. Takardun Arzika biyar suna ciki, Hure ta ba shi ranar da zai taho. Na shimfiɗa su kusa da taka a kan teburin ɗinki.

Kaka, hannu ɗaya ne. Kuma babu mai ambulan, babu mai kan sarki ko ɗaya.

Na nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ina na ainihin? Me ubana ya rubuto da aka ɓoye mana aka sauya da wannan?" Yana zaton ko Arzika ya kira Hure ta bi shi da jaririn, ku kuka hana. Maƙwabciyarmu ta ce wataƙila kai ne kake son Hure. Na ce ta yi mini shiru.

Adireshin da ke cikin takardun, gidan Alhaji Mai Goro kusa da masallacin Zango, Baba ya yi shekara uku yana neman shi. Masu goro a nan sun fi ɗari.

Ka gaya mana gaskiya. Ba za mu daɗe muna jira ba.

Husaina.

Dogon Dutsi, 2 ga Afrilu 2012

Husaina,

Na samu. Lafiyata tana nan yadda kika bar ta, in ta dame ki.

"Ba za mu daɗe muna jira ba." In ba ku jira ba sai me? Za ki kai ni wurin sarki ne, ko jastis gaban alƙali? Ko za ki zo Tungar Marke ki baza takardu a kasuwa? Ni na koyar da rabin masu hular da za ki kai ni gabansu.

Duk wanda ya zauna a lakwal ɗin Dutsi a zamaninmu hannu ɗaya gare shi, da bulala aka daidaita mu. Arzika bai iya rubutu ba, wani yake sa wa ya rubuta masa. Ina kika san ba ɗan lakwal ɗinmu ya samu a can ba? Takarda kuma a hannun matafiya take zuwa, kamar yadda taki ke zuwa, me za ta yi da kan sarki?

Maganar Hure, ki gaya wa maƙwabciyarki Allah ya isa. Yaya nake kiran ta har ta koma ga Allah.

Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar Arewa ba ta zauna kan keken ɗinki tana yi mini shari'a. Kar ki ƙara rubuto mini in irin wannan ce.

J. T.

Dogon Dutsi, 11 ga Yuni 2012

Husaina jikata,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ina kuma roƙon Allah wannan ta tarar da Umaru da rai.

Sau biyu Abdulwahid ya wuce. Sau biyu na ja ƙafa har bakin hanya, ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, yau ma amaryarka ba ta aiko ba." Na koma na sake karanta takardarki, sai na ga abin da fushi ya rufe mini. Ba barazana kika yi ba. Kwanakin Umaru kike nufi. Wata biyu na ɓata, ban san ko akwai su ba.

Hannuna ne. Duka biyar ɗin ni na rubuta. Babu wasu na ainihi.

Arzika bai taɓa zuwa Kumasi ba. Yamai ya tsaya, ya samu aikin kuku wurin wani Bature likitan dabbobi. Kunya ta hana shi faɗa, don babanmu da ya ji ɗansa na gindin murhu kamar mace da ya tsine masa. Ni kaɗai ya gaya wa. Lokacin ina da shekara ashirin, sabon mushe a Dutsi.

Da damina ta yi tsaka ya aiko mini saƙo a bakin wani direba: ranar Alhamis za su Damagaram da maigidansa cikin jirgin sama, an ce ta bisa Dutsi yake bi, in fito in ɗaga masa hannu. Jirgin fasinja sabon abu ne a lokacin, ƙarami, mai farfela biyu, sau ɗaya a mako muke jin ƙararsa. Ba a taɓa jin ɗan ƙauyenmu ya shiga ba. Ya ce in ya dawo zai faɗa wa kowa gaskiya, don wanda ya hau jirgi ba a yi masa dariyar tukunya.

Ranar Alhamis da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Na tsaya a filin lakwal. Na ji ƙarar jirgin cikin gajimare, ban gan shi ba. Aka yi tsawa, aka kece da ruwa. Washegari da hantsi kumandan, Baturen mulkin Dutsi, ya aiko a kira ni in yi masa tafinta. Jirgin ya faɗi a daji, tafiyar ƙasa kaɗan daga Tungar Marke. Mutum tara ne ciki, babu wanda ya fita.

A nan sai na yi miki bayanin abin da ba ki taso cikinsa ba. Mutanenmu a lokacin rabi salla rabi bori. Sun ga wuta ta sauko daga sama cikin tsawa, don haka a wurinsu aradu ce ta harbo jirgin. Aradu kuwa, a yadda muka gada, ba ta faɗa wa mutum banza, sai ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya. Wanda ta kashe, danginsa ba sa taɓa shi, ba a yi masa salla. Masu Dango, iskan aradu, su ke zuwa gidan su yi abin da za su yi, su ɗauki abin da suka nuna. Bayan sun tafi sunan ya zauna. Ba a neman aure a gidan, ba a cin tuwonsu da daɗin rai.

Da muka isa, ƙauyuka uku sun taru amma daga nesa, ba mai matsowa. Fursunoni aka kawo su yi ɗauka. Wani tsoho mai Dango yana tsaye da ɗan gatarinsa yana ta faɗi da ƙarfi, "Duk mai ɗan'uwa a ciki shi faɗi, mu tai gidansu!"

Turawa takwas aka jera. Na taran yana gefe. Wuta ba ta ci fuskarsa duka ba. Kumandan ya duba takardar jirgin, babu suna, an sa "kukun wane" kawai. Ya sa sandarsa ya ɗaga bargon da aka lulluɓe gawar da shi ya ce mini, "Wannan zanen fuskar naku ne na Arawa. Ka san shi?"

Ƙannenmu mata biyu an sa musu rana. Hure na da cikin wata bakwai. Na ji muryar tsohon nan a bayana. Na ce, "Ban san shi ba."

Da hannuna na rubuta a takardar kumandan: baƙin mutum, ba a san sunansa ba. Aka rufe su a nan. Bayan damina aka zo aka tone Turawan aka kai su Yamai. Shi aka bar shi.

Da aka haifi Umaru, Hure ta daina cin abinci don shirun mijinta, babanmu ya fara shirin tafiya Kumasi da ƙafarsa. Sai na rubuta takarda ta fari da sunan Arzika. Na zaci ɗaya za ta isa. Ta biyar, wadda ta ce ba zai dawo ba, ya sawwaƙe mata, na yi ta ne don ta samu ta yi aure, shekara shida tana zaune. Ban tuna in sa ko gaisuwa ga yaron a ciki ba. Sai da ya girma na gane abin da ya karanta a wurin da na bari fari.

Ranar da Umaru zai tafi Kumasi ya zo Dutsi ya yi mini sallama. Na buɗe baki. Sai na ba shi akwatin ƙarfena na raka shi tasha.

Ki gaya masa ubansa bai guje shi ba. Ya san da cikin. A cikin saƙon nan ya ce in namiji ne a sa masa Umaru, ni na raɗa wa babanmu sunan kamar tunanina ne.

Ja'afaru.

Zangon Kumasi, 5 ga Yuli 2012

Kaka,

Gaisuwa. Baba yana da rai. Shirun da ka ji, asibiti muka kwanta mako shida, kuma gaskiya na yi fushi da kai.

Da na gama karanta takardarka ban yarda ba. Mutumin da ya ƙaga biyar zai ƙaga ta shida, haka na ce wa mijina. Ya je wurin wani tsoho ɗan Kore Mairuwa, kusa da ƙauyenku, mai sayar da fata a nan, ya tambaye shi kawai ko jirgi ya taɓa faɗuwa a ƙasarsu. Tsohon ya ce ƙwarai, uwarsa ma ta hana su kiwo ta wajen. Sannan na karanta wa Baba.

Bai yi kuka ba. Ya ce in maimaita wurin sunan. Na maimaita. Ya juya fuska bango har la'asar.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa: "Ki ce wa Baba Mushe takarda ta ishe ni haka. A gaban mutane ya ce bai san shi ba. Ya je gaban mutane ya ce ya san shi. Da rana, a ƙofar masallaci, da bakinsa. A yi wa ubana salla. In bai yi ba, ban yarda akwai kabarin ba ma."

Na ce, "Baba, tsoho ne, ƙafarsa ba ta kai shi." Ya ce, "Ni tawa ta kai ni Kumasi."

Husaina.

Dogon Dutsi, 30 ga Yuli 2012

Husaina,

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Jikina duk ciwo yake, amma ki fara karanta wa Umaru wannan kafin komai.

Na tafi ranar Juma'a. Mota ta kai ni Kore Mairuwa, daga nan amalanken shanu. Hanya duk ina tsara yadda za su dube ni. Limamin Tungar Marke yanzu wani yaro ne, Abdulrazak, mai sayar da kayan babur, irin masu ɗage wandon nan da ban taɓa shiri da su ba. Da aka sallame na dafa sanda na miƙe. Na faɗi sunana da na ubana. Na ce jirgin da ya faɗi shekara sittin da suka wuce, baƙin mutumin da ke ciki wana ne Arzika, na gan shi na ce ban san shi ba.

Sai wani saurayi ya ce, "Jirgi? A nan garin? Abiyon na gaske?"

Liman ya ce, "Allahu akbar. To Baba, mi ya hana ka faɗi tun lokacin?"

Na ce, "An ce aradu ce."

Ya ce, "To sai mi? Ikon Allah ne. Wanda wuta ta ci ma shahada ya yi." Ya dube ni yana jiran sauran bayanin. Babu saura. Na dubi sahun nan duka, ban ga fuska ɗaya da ta gane abin da nake tsoro ba.

Muka tafi inda aka rufe shi, wurin ya zama gona. Na gane shi da wani dutse mai tsagewa da na daɗe ina zuwa dubawa a ɓoye. Mai gonar ya ce, "Ku yi sallarku, amma don Allah ku bi tsakanin shuka, gero ya fara ciki." Mutum ashirin da uku, sahu uku. Liman ya tambayi sunan mamacin, na faɗa da ƙarfi, Arzika ɗan Tankari. Ka ji, Umaru. An yi.

Da muke komowa rana ta buge ni, na zauna a ƙofar wani gida. Wata yarinya ta ɗebo ruwa za ta zuba mini a ka. Kakarta, tsohuwa tukuf da guru a hannu, ta fizge ƙwaryar ta ja ta ciki, ta tofar da yawu ta rufe ƙofa. Duk garin ita kaɗai ta ji abin da na faɗa. Kusan in gode mata.

Ban nemi gafara a takardun baya ba don na ga ban kai ba. Yanzu ina nema. Ki rubuto da wuri, ko mene ne.

Kakanki, Ja'afaru.

Zangon Kumasi, 24 ga Agusta 2012

Kaka,

Barka da salla. Takardarka ta iso Baba yana da rai, kuma Abdulwahid ya tsaya Kore Mairuwa ya tambaya da kansa, ya tabbatar mana. Kar ka ji haushi, ni na sa shi.

Na karanta wa Baba sau biyu. Ya sa aka dafa shinkafa aka raba a ƙofar gida, duk wanda ya tambayi ta mece ce sai ya ce, "Ubana ya rasu." Har zaman makoki ya sa aka yi masa na kwana uku, mutane na shigowa suna yi masa gaisuwa yana amsawa daga kwance. Rabon da in ga ya ci abinci kamar na kwanakin nan tun kafin ciwon.

Na tambaye shi maganar gafara. Ya ce, "Ki ce ban yafe ba tukuna. Ina da tambayoyi." Ga su nan: Arzika dogo ne ko gajere? Yana da dariya? Wace waƙa yake yi in yana noma? Da wa yake kama a cikinmu? Na sa maka hotunanmu a ciki ka duba.

Ya ce kar ka amsa duka a takarda ɗaya. Kowane zuwan mota ɗaya.

Jikarka, Husaina.